Katin Tukunyar Rini

Duk wanda ya yi aiki a masaƙar nan ta Kakuri ya san Dorcas Yohanna, ko da faɗanta kawai ya sani. 'Yar Zonkwa ce, gajeruwa, ba ta ɗaukar raini. Tun zamanin soja ta shiga sashen rini tana kula da na'urorin awo. A ɗakin aikinta akwai wata tsohuwar kwamfuta, cikinta akwai kati mai faɗin tafin hannu, shi ke karanto zafin tukwanen rini da ƙarfin tururi.

Kamfanin da ya ƙera katin a Turai ya durƙushe, manhajarsa ta tsufa ta daina aiki, manya suka ce a ci gaba da duba zafi da ido. Dorcas ta ce ba da ita ba. Ta ɗora Linux, babbar manhajar nan ta kyauta da kowa ke iya gyarawa, a kwamfutar, ta zauna ta rubuta wa katin direba, wato 'yar manhajar da ke sa kati da kwamfuta su ji maganar juna. Ta sha wuya, ta zagi katin ta zagi wanda ya ƙera shi, amma ya yi aiki. Ta kwafa a faifai, ta kai shagon intanet a Sabon Tasha, ta sakar wa duniya kyauta. Masu tara irin waɗannan direbobi suka karɓa, suka rubuta sunanta a matsayin mai kula da shi. Shekarar da soja suka koma bariki ke nan, kowa na cewa daɗi ya zo.

Masu wannan aiki suna da ƙa'ida. Wanda sunansa ke kan direba shi ake kai wa ƙara, kuma ba ya cewa gyara ya yi sai ya gwada a kan katin gaske. Dorcas ta riƙe wannan kamar addini. Sunan nan shi ne abin alfaharinta, ba ta ɓoyewa.

Daɗin dai bai iso Kakuri ba. Wata Litinin ma'aikata suka tarar da kwaɗo a ƙofa. Ana cikin wannan baƙin ciki sai ga saƙo daga wani mai masana'antar madara a Indiya, irin katinta gare shi. Ya ce awo na tsayawa cak alhali tukunya na ci gaba da zafi. Dorcas ta duba ta ga kuskuren, nata ne, gyaransa bai fi 'yan layuka ba. Sai dai katin gwaji yana bayan kwaɗo.

Ta je wajen Sylvanus, tsohon mai kula da sito da aka bari gadin kaya. Cocinsu ɗaya, ita ta girka abincin bikin 'yarsa.

"Oga Sylvanus, kati ɗaya nake so. Aro. In gwada in dawo da shi."

"Madam Dorcas, kayan kamfani ne. Sai da takardar fita."

"Wa zai sa hannu?"

"Manaja."

"Manajan da aka kora tare da mu?"

"To, ni dai na gaya miki. Abeg, kar ki ja mini."

Ta yi sintiri daga gidanta a Narayi har takalminta ya suɗe. Kullum amsa ɗaya. Abin da ya ƙona mata rai, kuma ya isa ya ƙona ran kowa, shi ne ranar da ta tarar da tirela a harabar ana loda injinan saƙa. An sayar wa 'yan gwangwan komai a kan sikeli. Ba wanda ya nemi takarda. Sylvanus na tsaye yana ba direban tirelar hannu kada ya goge ƙofa. Ta gaya wa Sylvanus maganar da ta sa har yau ba sa gaisawa.

Ta bi sawun motar zuwa wani filin gwangwan a Nasarawa. Ta tarar an farke kwamfutar, katin yana cikin tulin tarkace. An riga an datse haƙoransa masu ruwan zinariya da filaya, don su ake saye daban.

"Madam, ai wannan bola ce yanzu," in ji mai filin. "In kina so ɗauka."

Ba ta yi masa faɗa ba, sana'arsa yake yi. Ta wuce shagon intanet. Da ta tura gyaran ta ce ta gwada, ba mai ganewa. Amma can Indiya akwai mutum tsaye gaban tukunya yana dogara da kalmarta. Ta tura masa, ta rubuta ƙarara cewa ba a gwada ba, kuma ba ta da katin gwadawa har abada.

Saura abu guda. Direban da ba shi da mai kula, ƙa'ida ta ce a cire suna a rubuta maraya a wurin. Ba ta jira wani ya yi mata ba. Ta goge Dorcas Yohanna, ta rubuta maraya da hannunta.