Hannun Hagu Nasa, Na Dama Nawa

A gidan da muke haya a unguwar Tremont, hawa na huɗu, bango ɗaya ne ya raba ɗakina da na wani tsohon Bature. Shi kaɗai ya rage cikin mutanen da suka zauna gidan kafin mu 'yan Afirka mu cika shi. Da can makanikin jirgin ƙasa ne. Matarsa ta rasu, 'yarsa guda tana aure a wata jiha mai nisa. Yana da wani abin kiɗa da ake kira mandolin, kamar 'yar garaya, cikinta kamar rabin ƙwarya, tsirkiyoyinta na waya guda takwas, bibbiyu a jere. Kullum da yamma sai ya ɗauko ta, kuma waƙa ɗaya tak yake kaɗawa.

Daidai lokacin ne nake dawowa daga titin Canal, inda nake kasa jakunkuna da huluna da tabarau. Ƙafafuna na zogi, kaina na sarawa. Da na ji ya fara sai in cire takalmi in dinga dukan bututun da ke ɗumama ɗaki, wanda ya ratsa har nasa. Ban taɓa buga masa ƙofa na roƙe shi ba. Ko a matakala muka haɗu, kai nake sunkuyarwa. Allah ya yafe mini, maƙwabci ne, kuma ya isa ya haife ni.

Wata rana matata tana yanka albasa ta ce, "Malam, ka san kuwa ko dukan bututun ma a kan kiɗan kake yin sa? Ni da na zaci taya shi kake."

Na ce mata ta ji da albasarta. Amma ta taɓa ni inda nake ɓoyewa. Mahaifina mai gurmi ne a wani ƙauye kusa da Maraɗi, shi yake yi wa 'yan kokawa kiɗa. Tun ina yaro na tsani a ce mini ɗan makaɗi. A masallacinmu na nan, in aka tambaye ni, sai in ce manomi ne. Ba ƙarya na yi ba, yana noma, amma rabin gaskiya ce. Ita matata ta sani. 'Yarmu, wadda aka haifa nan kuma take aiki a kantin magani, ba ta sani ba.

Cikin sanyin wata shekara sai kiɗan ya ɗauke. Na yi kwanaki ina jin daɗi kafin in ji labari: tsohon ya faɗi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta tafi. Da aka sallamo shi daga asibiti, 'yarsa ta zo ta fara haɗa kaya, za ta tafi da shi wurinta in wata ya ƙare.

Matata ta dama kunun gyaɗa ta ɗora mini kwanon a hannu. "Wuce gaba," ta ce. "Hannun da ya iya dukan ƙarfe ai ya iya buga ƙofa."

Muka same shi a kujera bakin taga. Ya kalle ni ya daɗe, sannan ya ɗaga hannun hagu ya bubbuga hannun kujerar, daidai yadda nake dukan bututu. Rabin bakinsa ya yi dariya. Na rasa inda zan sa fuskata. Sai ya nuna mandolin ɗin da ke rataye a bango, ya yi wani gurnani.

'Yarsa ta ce mana waƙar mahaifiyarta ce, ita iyayenta suka yi rawa da ita ranar da suka haɗu. Ta sa masa ita a waya, ya ture wayar ƙasa. Ba ta mawaƙan yake so ba, ta wannan abin yake son ji, ita kuwa ba ta iya ba.

Nan take na gane. Take ne. A wurinmu kowane ɗan kokawa yana da takensa, kuma ko ya mutu, in mahaifina ya hango iyalinsa a taro sai ya kaɗa musu, su tsaya cak. Shekara da shekaru taken matar mutum nake dukan bututu a kai. Ban san lokacin da bakina ya ce zan gwada ba. 'Yarsa ta sauko da mandolin ɗin ta ba ni aro.

'Yata ta nemo mini asalin waƙar. Tsohuwar waƙar Turawa ce, irin mai jita ta lantarki da ganguna masu ƙarfi, da wani mutum yana ihu kamar an datse masa yatsa da ƙofa. Da ƙyar na tsinto kiɗan tsohon a cikin hayaniyar. Ta ce akwai masu koyarwa a waya, suna nuna inda ake sa kowane yatsa. Na ce ba na so. Girman kai ne, amma kuma ban san wata hanyar koyo ba sai wadda na gani a gida.

Mahaifina ba ya taɓa tsirkiya sai ya sa wa kiɗa kalmomi a baki. In baki ya riƙe, yatsa zai bi. To ni ban ji abin da mai ihun yake faɗa ba, sai na sa nawa: jaka, hula, tabarau, zo ki duba, 'yar uwa. Haka nake rera shi a jirgin ƙasa, haka a bakin teburin kayana, har ɗan Ghanan da ke kasa kaya kusa da ni ya ce, "Alhaji, sabon talla ne? Ba ya kawo kowa fa." Da yamma in zauna in dinga neman kowace kalma a wuyan mandolin, gaɓa bayan gaɓa. Wayar tsirkiyoyin ta yanka mini yatsu. Gurmi wuyansa sumul yake, yatsa yana zamewa inda ya so, wannan kuwa an gitta masa ƙananan ƙarafa, in ba ka danne tsakaninsu ba sai ya yi maka kuka kamar ƙuda.

Farkon da na haɗa shi gaba ɗaya, matata ta leƙo daga kicin. "Wa za a kayar?" ta ce. "Wannan ai kiɗan kokawa ne, Malam. Tsohon da ko tsayuwa ba ya iyawa."

Gaskiyarta. Hannuna ya ja shi da sukuwa. Na koma na saurari mai gangarsu, na gane shi nauyin dukansa a taku na biyu yake saukewa, ba na farko ba. Na dinga tafiya da shi a ƙafa daga tasha zuwa gida har ya zauna.

Saura wuri ɗaya, a tsakiyar waƙar, inda kiɗan yake gangarowa a hankali. Ni a kunnena daidai nake yi. 'Yata tana cin abinci, ta ce mini da Turanci na tsallake ɗaya. Na sake. Ta girgiza kai, ta juyo da 'yar Hausarta: "Baba, akwai ƙarami a tsakiya. Kai kana yin tsalle."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Ke za ki koya mini? Ni da na tashi a gidan makaɗi?"

Ta ajiye cokali. "Kakana makaɗi ne?"

Matata ta ce, "To, yau dai ta fito." Yarinyar ba ta ji kunya ba ko kaɗan, murna take yi, tana ta tambaya, ni kuwa na ɓata shekaru ina ɓoye mata abin da za ta yi alfahari da shi. Amma ƙaramin sautin nan ban ji shi ba har lokacin. Kiɗan gidanmu takunsa manya ne, kunnena bai san akwai wurin tsayawa a tsakani ba.

Ana gobe za su tafi na shiga wurinsa, kwalaye ko'ina. Na zauna a kan ɗaya na fara. Ya lumshe ido, yatsunsa na hagu suna motsi a kan cinyarsa. Da na zo gangaren nan, sai ya daki kujera. Na koma baya, ya sake duka. Na sake, ya sake. Na ce a raina, ga shi ana rama mini, kuma na cancanta.

Sai ya yafito ni. Ya kama wuyan mandolin ɗin da hannun hagu ya ja, ya ɗora cikinta a cinyarsa, ya nuna mini tsirkiyoyin da haɓa. Na durƙusa a gefensa na dama, gefen da ya mutu. Shi yana dannawa, ni ina kaɗawa. Da farko muka yi ta karo, sannan muka daidaita. Da muka iso wurin, na ga yatsansa ya sauka a wata gaɓa da kullum nake haurewa, kuma a karon farko na ji shi: ɗan siririn sauti, kamar mutum ya ɗan tsaya a bakin ƙofa ya waiwayo kafin ya fita. Ashe duk waƙar saboda shi aka yi ta. Muka kai ƙarshe. Ya riƙe wuyan bai saki ba, sai muka sake daga farko.

'Yarsa ta ce in riƙe mandolin ɗin, tunda shi ba zai ƙara kaɗa ta ba. Na ce mata yanzu fa ta ga ya kaɗa. Hannun dama kawai ya rasa, ita kuwa tana da shi. Na durƙusar da ita inda na durƙusa, na nuna mata yadda ake sauke hannu a taku na biyu. Ta fi ni saurin ɗauka.

Da safe na taya su sauke kaya. Mandolin ɗin a cinyarsa ta shiga mota. Kafin a rufe ƙofa ya bubbuga gilashi, na bubbuga masa daga waje.

Na gode wa Allah da bai bari ya tafi ina matsayin mai dukan bututu kaɗai ba. Na gode wa matata da kwanon kununta. Yanzu na aika gida a nemo gurmin mahaifina, 'yata ce ta matsa. Har yau ina rera waƙar a bakin tebur, kuma in na gaji nakan tsallake ƙaramin nan. In a gida ne, sai in ji 'yata daga ɗakinta tana bubbuga bango.