Akwatunan Chizuru a Kan Tudu

Shekara talatin da ɗaya na yi ina raba wasiƙu a unguwarmu ta kan tudu a Nagasaki, inda mota ba ta hawa sai ƙafa. Gidan su Iwanaga shi ne na ƙarshe, matakala ɗari uku da saba'in daga titi, nawa kuma yana ƙasa da shi kaɗan. Na san Chizuru tun tana 'yar makaranta, har ta tafi Fukuoka ta sami aikin duba kurakurai a wata maɗaba'a. Tana da shekara arba'in da huɗu mahaifiyarta ta rasu, bayan wata biyar mahaifinta ya zame a matakala ya karye a ƙugu. Ta ɗauki hutun wata uku ta zo jinya. Yayanta Tatsuo, da ke Osaka da iyalinsa, ya ce kafin hutun ya ƙare zai san abin yi. Bana shekara goma sha ɗaya ke nan.

Ƙugun ya warke, amma kan tsohon ya fara rikicewa. Da can mai walda ne a wurin ƙera jiragen ruwa, ƙarar ƙarfe ta riga ta cinye masa kunne, sai ga magana ma ta soma ƙwace masa. In ya farka bai ga Chizuru ba sai ya rarrafa ya nufi ƙofa, ƙofar kuwa a bakin matakala take. Ma'aikaciyar jinya na zuwa sau biyu a mako, amma ba ya yarda ta taɓa shi sai 'yarsa na tsaye. Chizuru ta auna ta gani, bayan abincin rana yakan yi barcin minti arba'in. A cikinsu take sauka ta sayo kifi da tofu, wato awara, ta hau da gudu.

Wata rana ta tarar da wasu mata da miji suna lalube a gindin katangar maƙwabta. Ta ɗauka ɗan kunne ya faɗi, ta tsaya taya su nema. Suka yi dariya suka gaya mata wasa ne, masu yinsa na kiransa jiyokashin. Wani ya ɓoye ɗan akwati da takarda a ciki, ya sa lambobin wurin a intanet, wasu su bi lambobin da waya, in sun samu su rubuta suna su mayar. Akwai kuma masu ɓoye lambobin kansu cikin rubutun sirri, sai ka warware kafin ka san inda za ka dosa.

Ta shiga wasan. Akwatunan da za ta iya kaiwa ta dawo kafin tsohon ya farka guda huɗu ne, cikin mako ɗaya ta gama da su. Sai ta koma ɓoyewa. Ta sami bawon dodon koɗi ta cusa masa takarda ta manna a jikin katanga. Ta yi wani noti na ƙarya mai maganaɗisu a jikin ƙarfen da ake dafawa wajen hawa, ni kaina sau nawa na kama shi ban sani ba. Ta kafa gora a bayan wurin ibadar unguwa, sai ka ɗura ruwa a ciki 'yar kwalbar take tasowa, ta kuma huda gindin gorar don dole mutum ya toshe da yatsa yana ɗurawa. Daga tagar kicin takan hango mutane sun jiƙe sharkaf suna dariya.

A na tara ta tsaya. Dokar wasan ta ce tsakanin akwati da akwati sai an bar mita ɗari da sittin da ɗaya, ita kuwa ta cike duk inda ƙafarta ke iya kaiwa. Daga nan ta zuba hankalinta a rubutun sirri. Ta ɓoye lambobi a zanen saƙar hula, ta ɓoye a tutocin jiragen ruwa, ta rubuta wani labari mai kurakurai da gangan, wanda in ka tsince haruffan da suka ɓata su ne amsar. Tana kuma warware na mutane, na Hokkaido, na Koriya, tana tara amsoshin a wani littafi ja, na wuraren da ba ta taɓa takawa ba.

Tsohon yana da wata ɗabi'a ta buga cokali a ƙarfen gado. Da farko ta ɗauka rigima ce kawai, amma idon da ya saba kama kuskure ya lura bugun yana maimaita kansa. Ta riƙa nuna masa yatsu, yana bugawa, tana rubutawa. Ashe yaren ma'aikatan cikin jirgi ne, da guduma suke gaya wa juna lambar sashen da suke, tunda murya ba ta ratsa ƙarfe. Ta naɗi bugun a waya ta mai da shi rubutun sirrin akwatinta na tara. Shekara biyu ba wanda ya warware. Masu ji da kansu daga Tokyo suka gwada salon tangaraho, suka gwada komai, wani ya rubuta cewa ko dai matar nan ta yi kuskure ko tana yi musu mugunta.

Ran wata Talata ina hutawa a ƙofar gidana sai ga wani tsoho yana hawa yana haki, ya tambaye ni gidan Iwanaga. Sunansa Mine, shekararsa saba'in da tara, likita ne ya sa shi yawo shi ya sa ya shiga wasan. Na raka shi. Da Chizuru ta buɗe ƙofa ya dube ta sama da ƙasa ya ce, "Ke ce muguwar nan? Minti uku na yi na warware bugun naki. Amma mai bugun nan hannun hagu yake amfani da shi, kuma mutum ɗaya na sani haka. Yana raye?"

Ta shigar da shi. Mahaifinta bai gane fuskar tsohon abokin aikinsa ba. Mine ya ɗauki cokali ya buga, can tsohon ya mayar masa. Suka yi ta yi kusan awa guda. Na tambayi Mine me suke cewa, ya ce ba komai, yana tambayarsa wane sashe yake, shi kuma yana cewa na bakwai, ya kawo masa wuta.

Mine ya ce zai riƙa zuwa duk Alhamis ya zauna da shi awa huɗu. Alhamis ta farko Chizuru ta sa takalmin kirki ta sauka ta shiga tarago. Tasha uku ta yi, ta sauka ta juyo. Na gamu da ita a tsakiyar matakala na ce ai ko kwanon taliyar champon ba ta isa ta ci ba. Ta ce, "Urakawa-san, ƙafafun ne suka dawo da ni, ban san yadda aka yi ba." Sai a mako na biyar ta iya cinye awa huɗun. Ta yi wata bakwai a haka, ta samo akwatuna talatin da ɗaya, har fuskarta ta ciko. Da sanyi ya shigo gwiwar Mine ta ƙi, 'yarsa ta ɗauke shi zuwa Sasebo.

Bara aka sami gurbi a wani gidan kula da tsofaffi, suka ce a kawo shi gwajin mako guda. Tatsuo ya bugo waya ya ce duk abin da ta yanke daidai ne, shi dai aiki ya riƙe shi. Mu huɗu muka sauke tsohon a kujera. Chizuru ta yi kwana uku tana wankin da ba ya buƙatar wanki, a na huɗu ta ɗauki jaka za ta tsibirin Fukue, inda akwai wani akwati da ta warware sirrinsa shekara shida da suka wuce. Tana layin shiga jirgi aka kira ta. Tsohon ya ƙi cin abinci tun ranar da aka kai shi, ya hana maƙwabtan ɗakinsa sakat da bugu, ya ciji wani ma'aikaci. Da la'asar muka sake hawa da shi. Yana shiga ɗakinsa ya shanye kwano biyu na miyar miso.

Bayan kwana biyu ta yago shafin Fukue daga jan littafin ta miƙo mini, ta ce tunda na yi ritaya ina zaman banza, in je in gani. Na ce zan rubuta sunanta a takardar. Ta ce, "Kada ka soma. Wanda ya je shi ke rubutawa."

Na je. Akwatin yana ƙarƙashin wani dutse a bakin teku, bayan tafiyar awa guda daga inda bas ke tsayawa. Na kira ta daga wurin. Ta tambaye ni launin ruwan, ta tambaye ni ko akwai iska, sannan ta ce in kwatanta mata akwatin. Na ce robar ajiye abinci ce, murfin ya tsage, takardar ta jiƙe.

Ta ce, "Shekara shida, ashe roba ce. Kana da leda a jakarka?"

Na ce ina da ta burodina. Ta ce in shanya takardar a kan dutse tukuna, kada in yi gaggawa, in ta bushe in naɗe ta a ledar in juya bakin akwatin ya kalli ƙasa. Na zauna ina jiran takarda ta bushe har bas ɗin ƙarfe biyu ya wuce ni, sai na huɗu na samu.