Kan Rago a Gaban Tsohon Sakatare

A asibitin ido da ke Oxford Road na fara ganinsa, muna zaune muna jiran kira. Dattijo ne dogo, sanye da kwat mai nauyi, ya zauna a miƙe irin zaman wanda ya saba jama'a su jira shi. 'Yarsa ce ta kawo shi. Da ta ga carbi a hannuna sai ta yi mini sallama, ta ce su mutanen Kazakistan ne, tana koyarwa a jami'a, mahaifinta kuma ya dawo hannunta bayan rasuwar mahaifiyarta. Ba ya jin Turanci. Ta tambaye ni ko ni malami ne, na ce ɗalibi ne dai da ya tsufa a kan allo, ina karantar da yara a wani masallaci a unguwar Levenshulme. Ta fassara masa. Ya dube ni tsawon lokaci, sannan ya ce ta gayyace ni cin abinci.

A hanya, ranar da ta zo ɗaukata, ta ba ni tarihinsa a taƙaice, domin kada in ji daga baya in ga an ɓoye mini. Ɗan makiyayi ne, mahaifinsa ya tafi yaƙi bai dawo ba. Jam'iyyar kwaminis mai mulki, wadda ba ta yarda da addini ba, ita ce ta ciyar da shi, ta sa shi makaranta har ya zama likitan dabbobi. Daga nan aka ba shi shugabancin gonar gwamnati, sai gunduma, har ya zama babban sakataren jam'iyya na lardi guda, ba mai faɗa a ji sama da shi. Ya haƙa rijiyoyi, ya kai asibiti ƙauyuka. A ƙarƙashinsa kuma aka mayar da wani masallaci rumbun hatsi. Na karanta hukuncin irin wannan a littattafai, amma ban taɓa zama a kan tabarma ɗaya da mai shi ba.

Surukinsa ya je har unguwar Sparkhill a wani gari ya sayo kan rago, don a can ya san mahaucin da ke babbake shi yadda suke so. Aka dafa, aka kawo shi ɗungurungum a faranti, aka ajiye a gabana. Ni kuwa Bahaushe, na ɗauka rabona ne. Na yi bisimilla, na yagi kumatu na kai baki, na ƙara. Sai na lura babu wanda ya taɓa abinci, jikokinsa sun sunkuyar da kai suna danne dariya.

Dattijon ne ya fara fashewa da dariya, har da tari. 'Yar ta ce, "Baba Malam, ka yi haƙuri, laifina ne. A wurinmu babban baƙo ake ba kan rago, shi zai yanka ya raba wa kowa. In an gama ci kuma shi zai sa wa gida albarka."

Ya matso ya riƙe hannuna da wuƙar, ya nuna mini: kunne na yara ne, don su riƙa jin magana, sauran kuma a bi girma. Da muka gama na ɗaga hannu na yi addu'a, kowa ya shafa.

Bayan an kawo shayi ya yi magana mai tsawo, 'yar tana fassarawa a hankali. Ya ce duk shekarun da ya yi yana mulki, ƙauyen da ya sauka sai an ajiye masa kan rago, ko da akwai waɗanda suka girme shi. Yakan yanka ya raba. Sai tsofaffi su buɗe tafin hannu a ƙarƙashin tebur suna jiran albarka, shi kuwa sai ya miƙe ya yi musu jawabi a kan yawan ulu da naman da ake bukatar lardin ya kai. Yana ganin hannuwan, yana yi kamar bai gani ba. Ranar da aka binne mahaifiyarsa ma a jikin mota ya tsaya daga nesa, domin sakataren jam'iyya ba ya shiga sahun salla. Abin da yake so kafin ya mutu shi ne ya sa wa jikokinsa albarka sau ɗaya da bakinsa, amma bai san ko kalma ɗaya ta addu'a ba, bai kuma san ko irinsa yana da izinin yi ba.

Na ce masa ƙofar tuba ba a hannuna take ba, balle in rufe ta, Mai ita kuma bai rufe ba muddin rai na jiki.

Muka fara karatu. Nakan hau bas a Stockport Road in je gidan bayan azahar. Kalmar shahada ta zauna masa da wuri, ya ce ya taɓa jin ta a bakin mahaifiyarsa tana tatsar nono. Fatiha kuwa ta ba mu wuya. Abin da ya riƙe yau, gobe ya zube. Yakan fusata, ya bugi tebur, in ga ragowar sakataren nan ta leƙo. Wata rana ya ce a bari, ya makara. Na ce ya ci gaba da ƙoƙari saboda salla, amma albarkar da yake son sa wa yara ba ta jiran Larabci, Allah yana jin harshen da uwarsa ta yi masa magana da shi. Ya sa 'yar ta maimaita masa wannan sau biyu.

Da babbar salla ta zo aka sake gayyata ta. Aka ajiye kan rago a gabana, na tura farantin gabansa, na ce ya girme ni. Ya yanka, ya ba jikokin kunne. Da aka gama ci ya buɗe tafin hannunsa a saman tebur, inda kowa ke gani, ya yi ta magana da harshensu, yana kiran sunan kowane yaro. 'Yar ba ta fassara mini ba, kuka ya hana ta. Na ce amin a inda suka ce.

Ya rasu a cikin sanyin shekarar. Ni na yi masa wanka, na kuma ja sallarsa. Ba mu cika sahu biyu ba, amma jikansa namiji yana tsaye a na farko. Allah Ya gafarta masa, Ya gafarta mana.