Motar da Inna ta iya hawa

Da na yi ritaya daga koyarwa, na ƙudura sayen a-kori-kura ta hannu. Na gaya wa mutane don gonar albasa ne. Gaskiyar ita ce Inna, mahaifiyata, tana son ganin yayarta da ke kwance ba lafiya a Tinyer, gwiwoyinta kuma sun daina jure matsin motar haya.

Na yi ta zagaya dillalan Garwa ina kwatanta farashi, na koyi abin da ba ya cikin manhaja. Babba mai ƙofa huɗu ta shekarun nan, kuɗinta ya kamo na fili a unguwar Jambutu. Matsakaiciya da ta ɗan girme ta ta fi sauƙi, sai dai in an ce Bature ne ya hau ta. Da an ambaci Bature farashi ya miƙe, ko da ya bar ƙasar tun kafin a ƙera motar. Tsohuwar ƙarama mai ƙofa biyu kuwa, dillali ko tashi daga benci ba ya yi dominta.

Raina ya kwanta da matsakaiciyar. Kafin in biya, Inna ta ce a kai ta ta gani.

Ta tsaya ta dubi tsayin matakin.

"Wannan ai sai da tsani."

"Hajiya, sai mu ɗaga ki," in ji dillalin.

"Buhun gero ce ni, ɗan nan?"

Ta dogara sandarta, ta wuce manyan duka, har ta kai ga ƙaramar da aka yasar gindin dalbejiya. Ta buɗe ƙofa, ta zauna kamar a bakin gadonta, ta ja ƙafafunta ciki.

Na ce, "Inna, wannan fa ta girmi ɗan farina."

"Ni ma na girme ka. Na fasa tafiya ne?"

Ita na saya. Rarar kuɗin ta tafi wajen makaniki, wanda ya karɓe ta da fara'ar mai cin gado.

A hanyar Tinyer, wajen hawan dutsen Ngaundare, motar ta yi zafi, muka tsaya ta huce, Inna tana ja mata carbi. Muka isa Tinyer da la'asar sakaliya. Muka tarar an jingina yayar da matashi, ta rame, amma bakin yana nan.

"Sai yanzu? Na ɗauka ta'aziyya kike jira."

"Matsa mini, Yaya," in ji Inna, tana cire takalmi.