Karan Awon Maiwada

A Dayi, in aka yi rasuwa, kafin ruwan wanka ya yi ɗumi an riga an aika wa Malam Maiwada. Shekara talatin da ɗoriya ke nan shi ke haƙa mana kabari, don Allah kawai. Manomi ne kamar kowa, dawa da masara da 'yar auduga, amma ba wanda ya san shi da noma, Maiwada na maƙabarta ake ce masa. Ni maƙwabcinsa ne, katanga ɗaya ta raba mu, kuma ban taɓa ganin wanda son aikinsa ya yi wa yawa kamarsa ba.

Yadda muka saba, akan samo karan dawa miƙaƙƙe a auna mamaci daga kai zuwa ƙafa, a kai wa masu haƙa. Maiwada ya ce wannan awon ba shi da tabbas. Wai mai awo a ruɗe yake, ido na hawaye hannu na rawa, sai kara ya zo ya gaza ko ya zarce. Saboda haka, ba tare da ya shawarci kowa ba, bawan Allahn nan ya shiga auna dattawan unguwa tun suna da ransu.

Bayan azahar, in tsofaffi sun miƙe a gindin darbejiya barci ya kwashe su, sai ga Maiwada da kara, wai kaji yake kora. Ya ɗan durƙusa, ya gwada, ya karya, ya wuce. Wanda ya ba shi wuya shi ne Alhaji Kamalu, mai sayen hatsi yana kaiwa Funtua, domin shi ba ya kwanciya a waje. Juma'a uku Maiwada yana manne masa a sahu, yana lura da inda kan Alhaji ya tsaya a kafaɗarsa. Alhaji har yana yabonsa, wai mutumin nan akwai son zumunci.

Akuya ce ta tona asiri. Ta Alhaji ce ta kutsa rumfar bayan rumbun Maiwada, ya bi ta da kansa, sai ya yi kiciɓis da damin kara, kowane da 'yar takarda ɗaure, an rubuta suna da ajami. Na uku da ya ɗaga, sunansa ne. Ihun da ya yi, har bakin titi masu babur suka ji.

Da la'asar aka taru a ƙofar Mai Unguwa Zainulabidin, damin karan yana tsakiya. Buƙatar Alhaji ɗaya ce, a hana Maiwada sake taɓa diga a maƙabartar garin. Na dubi Maiwada na ga ya yi zuru-zuru. Na san in aka raba shi da aikin nan an gama da shi.

"Ranka shi daɗe," in ji Alhaji, "mutum ya zauna yana jiran mu mutu! Mi na yi mashi? Kuma ku dubi abin da wai shi ne ni!"

Ya tsayar da karan a gefensa, iyakarsa kunne. Ashe abin da ya fi ƙona masa rai ke nan.

"Alhaji," in ji Maiwada a hankali, "ai ba a rufe mutum da hula da takalmi."

Wuri ya kaure da dariya, sai kuma kowa ya daka wawa kan damin yana neman nasa. Tsofaffin da suka zo yin tir suka koma gwada tsawo, wannan na cewa ya ɗara wancan da yatsa biyu. Ni ina gefe ina ƙyaƙyata, sai aka miƙo mini nawa. Ni! Shekarata hamsin da biyu, ko furfurar kirki ban yi ba, amma an sa ni cikin layi. Ga shi akuyar ta cinye karan nawa ta wajen ƙafafu. Raina ya ɓaci ƙwarai, nan take na koma bayan Alhaji.

Mai Unguwa ya tsawata aka yi shiru, ya tambayi Maiwada abin da ya kai shi.

"Ranka shi daɗe, ran da babana ya rasu da damina ne. Aka kai shi, kabari ya gaza da taƙi ɗaya. Aka aje makara a ƙasa ana ƙara haƙa, ruwa ya sauko. Rabin mutane suka ruga gindin itace. Ina tsaye ina kallon likkafani yana manne mashi a jiki. Mamaci ba ya iya cewa ku rufe ni, shi ya sa muke taruwa mu rufe shi. Tun ran nan na ce ba wanda zai sake jira a bakin kabari ina raye."

Ni kaina sai na ji kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa karan da ke hannuna.

Mai Unguwa ya ce ba a ƙara auna mai rai sai da izininsa. Maganar diga kuwa, Alhaji ne mai ƙara, shi zai faɗa. Alhaji ya matso wurin damin. Ya durƙusa yana juya sauran karan ɗaya bayan ɗaya, yana karanta sunaye har ya kai ƙarshe.

"Ina naka?"

"Babu. Na sha gwadawa, in na kwanta hannuna ba ya kaiwa ƙafa. Wa zan ce ya auna ni?"

Alhaji ya tuɓe babbar riga ya miƙa mini, ya zaro sabon kara daga dangar Mai Unguwa, ya nuna tabarma.

"Cire hular. Kwanta."

Maiwada ya kwanta a gaban jama'a, hawaye na gangara masa cikin kunne. Alhaji ya auna sau biyu, ya ƙara yatsa huɗu, ya karya, ya soke karan a hammata.

"Wannan yana wurina," ya ce. "In na riga ka, kai za ka haƙa mani. In ka riga ni, ba za ka jira ba."