Turken Inna Taiba na Bakura

Da an idar da sallar asuba, kafin masu babura su fara hayaniya a bakin tasha, Inna Taiba ta riga ta dama dusa da kanwa a tsohon kwanonta mai lanƙwasasshen baki. Sai ta bi awakinta ɗaya bayan ɗaya, wannan ta leƙa mata baki, waccan ta ɗaga mata kofato, tana yi musu faɗa kamar jikokinta. Daga nan ta yafa mayafi ta fita. Duk mutumin Bakura da ya taɓa cin karo da tsohuwa a lungu tana jan akuya, tana gaisuwar da ba ta ƙarewa, to ita ce.

Ba ta da ƙungiya, ba ta da allo a ƙofar gida. Abin da take yi tun tana da ƙarfinta shi ne, in ta ji wata mata ta rasa miji ko ta shiga ƙunci, sai ta kwance akuya mai ciki ta kai mata har gida. Kuma faufau ba ta cewa ga sadaka. Cewa take yi, "Wance, turkena ya cika. Ki taimake ni ki riƙa mini wagga." In akuyar ta haihu sau biyu, ɗiyan sun zama na mai riƙo, uwar kuma ta wuce gida na gaba. Kowa ya san turken bai cika ba, amma ba mai faɗa.

Gajere, dillalin awaki a kasuwar Talata Mafara, yakan tsokane ta cewa ita kaɗai ya sani mai sayen akuya don ta rabu da ita. Ita kuwa sai ta ce masa ya rage baki ya rage kuɗi.

Ke ce, Inna, mai ba da kyauta har mai karɓa ya zaci shi ya yi miki alheri.

To zamani ya sauya. Taimako yanzu da mota yake zuwa, da ƙyallen talla, da waya a ɗage. Kada wani ya ce ƙungiyoyin nan ba su da amfani, wallahi sun share hawaye da yawa. Sai dai su ma akwai masu riƙe da wuyansu.

Shekarun baya kaɗan wata ƙungiya ta kawo awaki Bakura, aka nemi Inna ta nuna matan da suka cancanta, tunda ita ta san su. A cikin waɗanda ta kira akwai Husna, wadda rashin tsaro ya koro daga Dosara da 'ya'yanta bayan rasuwar mijinta. A can garinsu gidanta ne ake zuwa neman hatsi in damina ta yi tsanani. A Bakura kuwa wankau take yi, 'ya'yanta na kwana da koko.

Ranar rabo aka ce kowace mace ta riƙe igiyar akuyarta a gaban ƙyallen tallan a ɗauke ta hoto. Da layi ya matso kusa, Husna ta ja mayafi ta rufe fuska, ta raɗa wa Inna, "Dangin mijina suna da waya, Inna. Su gan ni riƙe da akuyar sadaka? Gara in koma wankauna."

Inna ta je wurin Mas'ud, matashin da ke jagorantar rabon. "Ɗana, ka ɗauki akuyar da ni, ka bar yarinyar nan."

"Inna, wallahi ba son raina ba ne," in ji shi. "Masu aiko da taimakon sun ja baya. In ba su ga fuskar wadda ta karɓa ba, cewa za su yi mun cinye, baɗi kuma ba wanda zai samu."

Ta ga gaskiyarsa, ba ta yi masa faɗa ba. Ta tsaya har aka gama rabon, tana kallon Husna ta juya ta tafi hannu wofi. Abin ya yi mata zafi ƙwarai.

A waccan shekarar ciwo ya shiga awakin Inna da damina, ya bar mata jar akuya guda. Ita ce take sa ran za ta sake tayar mata da turke. Da la'asar ta kwance ta, ta ja ta har ƙofar ɗakin Husna.

"Turkena ya cika," in ji ta. "Ki taimake ni ki riƙa mini wagga."

Husna ta san turken, a gabansa take wucewa kullum. Ta daɗe a tsaye tana share ido da gefen mayafi, sannan ta karɓi igiyar.

Ba a jima ba aikin ƙungiyar ya tsaya, ƙyallen tallan ma yanzu inuwa yake yi wa wani mai tumatir. Mas'ud dai bai daina zuwa gaida Inna ba. Jar akuyar kuwa ta haihu a gidan Husna, ta wuce gida na gaba kamar yadda aka saba, ba ta koma wurin mai ita ba.

Yau gwiwa ta hana Inna zagaye. Turken ya daɗe ba kowa, kwanon dusa a kife. Ɗanta Barau har yakan yi ƙorafi cewa ko ta Salla ba ta bar wa kanta ba. Ita kuwa da asuba takan zauna tana kallon turken, kuma duk wanda ya san ta ya san tana kewa.

Kwanan nan, da hantsi, aka yi sallama. Husna ce, tana jan budurwar jar akuya mai ciki, jikar waccan da Inna ta kai mata. Bayan doguwar gaisuwa ta ɗaure ta a turken, ta ce, "Inna, nawa ya cika. Ki taimake ni ki riƙa mini wagga."

Inna ta dube ta sama da ƙasa. "Ke Husna, ƙarya kike yi."

"Awo, Inna. Wurinki na koya. Kuma kada in ji ta bar gidan ga sai ta haihu sau biyu."

Tsohuwa ta yi dariya har da hawaye, ta ce a miƙo mata kwanon nan.

Mun gode, Inna Taiba, uwar marasa turke. Allah ya ƙara miki lafiya, ya sauƙaƙa miki gwiwa, ya saka miki da abin da ba mu iya biya. Mu kuma da ke karanta wannan, kowa ya san gidan da ake kwana da koko a unguwarsu. In kana da akuya, ko mudun gero, ko tsohon keken ɗinki, ka kai da kanka, ka bar waya a aljihu, ka ce wurinka ne ya cika.