Ranar da Mama Ta Ci Ƙafar Kaza a Landan

Asabar ta farko bayan ƙaramar Sallah, a shekarar da na cika goma, muka fito daga tube, jirgin da ke bi ta ƙarƙashin ƙasa, mu uku: ni, Mama, da maƙwabciyarmu Anti Rabi, 'yar Ghana mai aikin jinya. Watanmu biyu ke nan a Tottenham, mun taso daga Zariya mun tarar da Baba, wanda aikin asibiti bai bar shi zaman gida ba. Mama ba ta taɓa wuce ƙofar flat ɗinmu ita kaɗai ba, har na ji tana ce masa gara ta koma gida. Ni kuwa sai in wuni a makaranta ban ce uffan ba, don kada a yi wa Turancina dariya. Anti Rabi ce ta rantse sai ta fitar da mu. "Hajiya, na yi booking, halal ne, yau sai ka ci," in ji ta, da Hausarta ta zango da ba ta raba mace da namiji.

Gidan abincin 'yan China ne, cike da hayaniya kamar gidan biki. Ko'ina ƙananan kwandunan gora ne masu murfi, wani kan wani, tururi na tashi. Anti Rabi ta ce sunansa dim sum, 'yan loma-loma ne iri-iri, a ci tare ana kurɓar shayi. Aka kawo takarda mai hotuna da guntun fensir, ta turo gabana wai ni zan zaɓa. Don murna na yi ta zabga maki. Sai Mama ta raɗa mini, "Tambayi matar nan, babu alade?" Na juya wajen ma'aikaciyar. Na daure na tambaya da Turanci. Ma'aikaciyar ta nuna mana takardar halal a bango, ta amsa mini kamar wata babba. Ba wanda ya yi dariya.

Kwanduna suka fara sauka. Ga ƙulli-ƙullin fulawa masu sheƙi ana hango jatan lande a ciki, ga farin burodi mai laushi da nama a tsakiya, ga shinkafa mai danƙo a naɗe cikin ganye kamar alala. Tsinkayen da aka ba mu a madadin cokali suka ƙi ni, loma ɗaya ta yi tsalle ta faɗa kofin Anti Rabi. Mama dai shayi kawai take sha. Da na buɗe kwandon ƙarshe sai ga ƙafafun kaza jajaye cikin romo. Mama ta leƙa, ta fashe da dariyar da rabon in ji ta tun Zariya. "Ikon Allah! Abin da muke bar wa yara, shi ake yi wa murfi?" Ta ture tsinken, ta yi bismilla da hannunta, ta tsotse su tas, ta ce in kira matar a ƙaro.

Bayan mako biyu Mama ta hau bas ita kaɗai har Peckham sayen kuka da daddawa. Maganar komawa ba ta sake tasowa ba.

Yau 'ya'yana ta waya suke odar dim sum, a kawo shi cikin roba, kowa ya ɗauki nasa ya shige ɗaki. Anti Rabi ta koma Kumasi, Mama kuma haƙora sun daina ɗaukar ƙashi. Ashe wata baƙuntar a bakin akushi take ƙarewa.